Rubutun da ke gudu a ƙasan tele, wa aka rubuta ma shi?



Yau maganar telekomand zan yi, wancan ɗan abu da yara ke faɗa a kansa a tsakar gida. Na san akwai wanda zai ce ga matsalar tsaro, ga tsadar hatsi, ga matasa da digiri a hannu suna zaman fada, shi kuma wannan ya tashi zai koya mana latsa maɓalli. Na ji. Amma ku ɗan ba ni lokaci, don a ganina lamarin ya wuce maɓalli, kodayake daga maɓallin zan fara.

A ƙasarmu, in hukuma za ta yi ma jama'a magana, tele ce ƙofarta ta farko. Daren 26 ga Yuli 2023, a Télé Sahel aka karanta sanarwar da ta canza mulki, a daren ne kuma aka faɗi rufe iyakoki da dokar hana fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba. A 2024, da ambaliya ta yi ɓarna har iyalai suka fake cikin azuzuwa, an ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba, kuma ta tele da rediyo labarin ya shiga gidaje. Sakamakon taron ministoci, naɗe-naɗe, ranar rufe karɓar takardun konkur, jerin takardun da ake nema, lambar da za a kira in wata cuta ta ɓulla, farashin da aka ƙayyade ma wani kaya, duk ta nan suke bi. Babban kaso daga cikinsu kuwa ba a faɗinsa da baki. Rubutawa ake. Wani a zirin da ke gudu a ƙasan allo, wani a takardar kominike da ake ɗorawa ta cika allon, wani a ɗan layin da ke nuna sunan mai magana da muƙaminsa.

To, wa ke iya karanta shi?

Ku tuna yadda muke kallon tele a Maraɗi, a Damagaram, a Tawa, a Tasawa ko Ƙonni, har da unguwannin Yamai. Ba mutum ɗaya ba ne zaune a kujera, mita biyu tsakaninsa da allo. Tele guda ce a tsakar gida, ko bisa tebur ɗin mai shayi, ko a rataye a tasha, ko a ɗakin jira na gidan likita, mutum 10 ko 20 suna kallo. Gidajen da ke da kuran a ƙasar nan kusan 1 ne cikin 5, don haka kallon taro shi ne kallonmu. Yara su ke gaba a kan tabarma. Manya, waɗanda sanarwar ta fi shafa, waɗanda kuma idonsu ya fara gajiya, su ke can baya.

Mu ɗan yi lissafi. Tele ta bango mai inci 32, wadda muke ce ma plasma, tsayin allonta kusan santimita 40 ne. A ɗauka harafin zirin nan ya ci kashi 1 cikin 30 na tsayin allo. Santimita 1 da ɗan ɗori kenan. A tsohuwar tele mai tudun baya mai inci 14, wadda har yanzu ta cika ƙauyukanmu, tsayin allon bai wuce santimita 21 ba, harafin ya koma milimita 7, kamar ƙwayar wake. Ka jera ƙwayoyin wake a bango, ka ja da baya mita 5, ka sa wani ya riƙa jansu da gudu, sannan ka ce ma baba ya karanta.

Wani sashe na wannan matsala a hannunmu yake, gyaransa kuma ba ya cin ko dala. Shi ya sa zan tsaya a kansa da kyau, don na lura gidaje da yawa tun ranar da aka sayo tele ba wanda ya taɓa shiga cikin Menu ɗinta. Maigida ya ce kar a taɓa, za a ɓata. Yana da hujja, da guminsa ya saya, kuma rubutun cikin Menu da Faransanci yake, ko da Ingilishi in ta Kano ta shigo, wani lokaci ma da yaren da ba wanda ya sani a unguwar in ta hannu ce daga Turai. Amma ba abin da za ka latsa a sashen hoto da zai kashe tele. Ka ɗauki hoton lambobin da waya kafin ka fara, in abin bai yi maka ba ka maido su. Akwai ma wurin da aka rubuta Réinitialiser, wanda ke maido komai yadda kamfani ya saita.

Abu na farko shi ne girman hoto, wato Format d'image. Nan ne babbar asara take. Tsoffin tele ba sa iya tsayar da gefen hoto daidai, sai masu ƙera su suka riƙa kumbura hoton kaɗan don gefen ya ɓuya bayan bakin akwatin. Wannan al'ada ta biyo har cikin sababbin tele, da yawansu suna yanke ɗan gefe ta kowane ɓangare ba tare da ka sani ba. Sannan ga namu aikin: wani ya ga baƙin layi a sama da ƙasa ko a gefe, ya ce ai kuɗin allo duka na biya, ya latsa Zoom har hoton ya cika. Hoto ya cika, amma zirin rubutu ya faɗa ƙasa, rabin harafi kawai ake gani, ko ma ba a ganinsa sam. Akwai gidajen da ba su san cewa tashar da suke kallo kullum tana da rubutu a ƙasa ba. Gyaran shi ne ka bi zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya har ka ga tambarin tashar a sama ya fito cikakke, zirin ƙasa ma ya fito da ɗan fili a ƙarƙashinsa. A Samsung sunan zaɓin Adapter à l'écran, a wasu sunan daban ne, amma idonka zai gane shi. In baƙin layi ya rage a gefe, ka bar shi, ba abin da ya ɓata.

Dekodar ma tana da nata saitin, kuma sau da yawa ita da tele ba bakinsu ɗaya ba. In telen mai faɗi ce, a gaya ma dekodar 16:9. In mai tudun baya ce, 4:3. In aka saɓa, sai ka ga mutane sun yi ƙiba ko sun rame, haruffa ma haka, ko kuma an datse farkon layi da ƙarshensa.

Sai igiya. Yawancinmu da igiyar nan mai kai uku muke haɗa dekodar da tele: rawaya, fara da ja. Fara da ja sauti suke ɗauka. Hoto kaf, haskensa da launinsa a cakuɗe, ta rawayar kaɗai yake bi, kuma ba ya wuce layi 576. Shi ya sa in ka matsa kusa za ka ga gefen haruffa na motsi kamar tururuwa na bin su. In telenka da dekodarka duka suna da ramin HDMI, ka sayi igiyarsa, ka shiga saitin dekodar ka ɗaga ƙarfin hoto zuwa 720 ko 1080. Ba zai mayar da tashar da ke watsa hoto mai rauni ta zama mai ƙarfi ba, amma tururuwar nan za ta tafi. Cikin duk gyaran da zan ambata, wannan kaɗai ke neman ka sa hannu a aljihu, kuma shi ya fi nuna bambanci.

Daga nan ka duba Mode d'image. In ka tarar da Dynamique ko Vif, wannan saitin kanti ne, an yi shi don tele ta fi ta kusa da ita ƙyalli a idon mai saye. Yana zuba launi, yana ƙona fari, yana kaifafa gefen komai. Ka mayar da shi Standard, ko Cinéma in da dare aka fi kallo. Wasu telen ma an bar su a Mode magasin tun daga shago, ko ka gyara, in an jima sai su koma yadda suke. Sai an shiga an canza zuwa na gida, wanda aka fi rubutawa Domicile ko Maison.

Yanzu ga wanda ya fi yaudarar mutane: Netteté. Sunan na cewa tsabtar hoto, don haka duk wanda rubutu ya yi ma dishi-dishi, nan yake zuwa ya ƙure shi. Alhali ba ya ƙara ma hoto komai da tashar ba ta aiko ba. Abin da yake yi shi ne zana wani farin layi a gefen duk abu mai duhu, kamar an zagaye shi da alli. A fuskar mutum ba ka cika lura ba. A ƙaramin harafi kuwa, allin ya kai kaurin harafin kansa, sai ramin "a" da "e" da "o" ya cike, 3 ta koma kamar 8, 5 kamar 6. Ka jira rubutu ya fito, ka riƙa rage shi a hankali har farin zoben ya ɓace. In ka ga harafin ya fara laushi, ka ɗan ƙara kaɗan, ka tsaya nan. A tele da yawa wurin tsayawar yana can ƙasa, nesa da inda ka same shi.

Luminosité shi ma sunansa na ruɗarwa. A mafi yawan tele ba fitilar yake ƙara ma ƙarfi ba, baƙi yake ɗagawa ya koma toka-toka. Ka ƙure shi, hoto ya yi kamar safiyar hunturu da buji ya taso, rubutu ya narke cikin abin da ke bayansa. Ka bar shi tsakiya. In haske kake so don kana kallo da rana a rumfa, Rétroéclairage za ka nema, shi ne fitilar da ke bayan gilashi. Contraste kuma a ɗaga shi, amma kar a kai shi ƙarshe, don fari na iya malalowa ya cinye siririn baƙin harafi, musamman a tsohuwar tele. Couleur a rage in ja na zuba. Duk wani abu mai suna Réduction du bruit a kashe shi, ko a sa shi a mafi ƙanƙanta, don shafe hoto yake yi, yana shafewa har da ɗigon "i". Haka abin da ke santsantar da motsi, wanda kowane kamfani ya raɗa ma nasa suna: a wasu telen shi ke sa rubutu mai gudu ya riƙa karyewa.

Masu fanno da batiri, ku kula, fitilar baya ita ta fi cin wuta a tele ta bango. In kun ƙure ta, batiri zai mutu kafin a gama labarai. Ku ɗaga ta daidai buƙata, ku kuma juya telen ta ba rana ko kwan fitila baya, kar haske ya riƙa dukan gilashin. Sannan a goge ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, ba da ruwa ko omo ba. Wata telen ba saiti ke damunta ba, ƙurar wata uku ce a fuskarta.

Abu ɗaya nake roƙo ga duk wanda zai yi wanga gyara: kar ka tsaya gaban allo kana yaba aikinka. Ka koma inda mafi tsufan gidan ke zama, ko ka tambaye shi da kansa, ka canza abu ɗaya, ka sake tambaya. Shi ne ma'auni.

To, an gyara. Sai me?

Sai ka tarar da rabin rubutun har yanzu ba ya karantuwa, kuma wannan karon laifin ba na telenka ba ne. Nan ne maganar ta tashi daga tsakar gida ta koma gidajen tele da ofisoshin da ke aika masu sanarwa. Ba zan kama sunan kowace tasha ba, don abin ya zama gama-gari, na gwamnati da masu zaman kansu, kowa na da rabonsa.

Kun sha ganin farin rubutu a kan rawaya. Kun ga ja a kan shuɗi, ko ja a kan kore, alhali akwai maza da dama da idonsu ba ya rabe ja da kore sosai, haka aka halicce su. Kun ga siririn harafi mai ƙawa da lanƙwasa, irin na katin ɗaurin aure, an rubuta ranar allurar rigakafi da shi. Kun ga an manna rubutu a can bakin allo, inda an san tele da yawa na yankewa, ko tallar wani kamfani ta hau kan rabin layi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kominike: a ɗauko takarda mai shafi guda cike da ƙananan haruffa, da kan sarki da sa hannu, a ɗauki hotonta a ɗora a allo gaba ɗaya, a sa kiɗa, bayan ƴan sakanni a cire. Ko wanda ya rubuta ta da hannunsa ba zai iya karanta ta daga mita 3 ba. Amma a ofis an rubuta cewa an sanar da jama'a. In gobe ka zo a makare da takardunka, sai a ce ai an sa a tele.

Dalilin ba mugunta ba ce, ni dai ban ɗauke shi haka ba. Mai haɗa hoton yana zaune ne cikin ɗaki mai sanyi, allon kwamfuta na da tazarar kamu biyu daga hancinsa, ya kuma san abin da ke rubuce tun kafin ya duba. A wurinsa komai fes yake. Bai taɓa zama a bencin baya na mai shayi a Sabon Gari ya ga aikinsa ta cikin igiya rawaya ba. Shugabansa ma bai taɓa tambayarsa ba.

Ga batun sauri. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce. Kafin mutum ya gane cewa lamba ce mai amfani, ya lalubo waya ko alƙalami, ya fara kwafa, ta wuce. In ya kama 7 ya rasa 1, daidai yake da bai kama komai ba. Bayan haka, wa ke karatun? Alƙaluman UNESCO na nuna manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasarmu ba su kai 4 cikin 10 ba, a mata kuma abin ya fi ƙasa. Ma'ana, a gidaje da yawa mai karanta ma kowa shi ne yaro ko yarinya ƴar CM1 ko CM2. Tana haɗa baƙi, tana fassara Faransanci zuwa Hausa a cikin kanta, inna na tambayarta "me aka ce?", rubutu kuma bai tsaya jiranta ba. In farashi ne, sai ta sake wani lissafin, don allo na rubuta 13.500 F, inna kuwa jika 13 da rabi ta sani, ƙananan kuɗi kuma da dala take ƙirga su. Wannan yarinya ita ce gadar da ke tsakanin gwamnati da gida guda. Da saurinta ya kamata a auna gudun rubutu, ba da na ɗan jaridar da ya yi lisans ba.

Abin da ke ƙara min takaici, mun riga wasu sanin wannan. Tun 1964 aka fara gwajin koyar da yara ta tele a Nijar, shekaru kafin a fara tele ta kowa da kowa. Allon da aka kafa gaban aji, in ɗan bencin baya bai ga harafi ba, darasi bai yiwu ba. Ƙasar da telenta ta fara da koyar da "a" da "b" bai dace a ce yau tana watsa rubutun da ba ya karantuwa ba.

Sai harshe. Tun Maris 2025, kundin Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan mataki, ba shi ne zancena ba yau, kuma duk abin da nake nema ma Hausa ina nema ma Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauran harsunanmu. Abin da na gani dai shi ne, ko a lokacin labaran harsunan gida, rubutun allo sau da yawa da Faransanci yake zama. In kuma an yi ƙoƙari an rubuta da Hausa, sai ka ga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun rasa ƙugiyarsu, ko wani ɗan akwati ya fito a madadinsu, don salon harafin da ke cikin kwamfutar bai san su ba. Wani zai ce ai ana ganewa. Wanda ya ƙware yana ganewa. Mai koyo fa? Baki daban, baƙi daban. Kasa daban, ƙasa daban. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne. Tun 1999 ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, da ita ake koyar da yara a makarantun da ke amfani da harshen gida da azuzuwan yaƙi da jahilci. Salon haruffa masu ɗauke da ƙugiyoyin nan kuma kyauta suke a intanet, irin su Andika da Noto Sans. Andika ma don masu koyon karatu aka ƙirƙire shi. Aikin rabin yini ne ga ma'aikacin tasha guda. Ga kuma dubban mutanen da boko bai wuce masu ba amma ajami na zuba a bakinsu. Me zai hana sanarwar gaggawa, ta ambaliya ko ta annoba, ta fito da layi ɗaya na ajami?

Akwai waɗanda rubutun nan shi ne duk abin da suke da shi: kurame. Mai ji, in rubutu ya kuɓuce masa, yana iya kamawa a rediyo. Kurma ba shi da rediyo. In an sa mai fassara da hannu, a wani ɗan lungu na allo ake matse shi, lungun da Zoom ke fara cinyewa. Makaho kuma matsalarsa ta juye: in aka ɗora takarda aka sa kiɗa ba a karanta ta da baki ba, shi kiɗa kawai aka ba shi. Haka tsohuwar da yanar ido ta rufe ma gani. Shi ya sa duk sanarwa ta hukuma ya kamata ta zo ta hanya biyu a lokaci ɗaya, a rubuce kuma a faɗe.

Na san amsar da wasu abokaina za su ba ni a fada: wa ke jiran tele yanzu, ai komai na WhatsApp da Facebook. To ku duba abin da ke yawo a WhatsApp ɗin. Sau nawa hoton allon tele ne da wani ya ɗauka da wayarsa, a karkace, hasken fitila ya cinye rabin kwanan wata? Wannan hoton ake turawa guruf zuwa guruf, kowane turi yana ƙara dusashewa. Sai wani ya yi murya ya ce ga abin da aka rubuta, ya ƙara nasa gishiri. Kafin asuba sanarwa ɗaya ta haifi labari uku, ana gardama ko 13 ga wata aka ce ko 18. Kullum ana yi mana gargaɗi kan yaɗa jita-jita, har da barazanar doka. Gargaɗin na da muhalli. Amma wanda ya fitar da sanarwar da ba ta karantuwa shi ma ya ba da tasa gudummawar ga jita-jitar.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta yi magana ƙarara kan isar da bayanai da shirye-shiryen tele ta hanyar da za su iya amfana. A Fabrairu 2011 an kafa dokar da ta ba ɗan ƙasa damar samun bayanan hukuma da takardun gwamnati. In ɗan ƙasa na da haƙƙin ganin takarda, ban ga yadda za a ce an cika wannan haƙƙi da nuna masa ita ta sakan 5 cikin haruffa masu girman wake ba.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema daga tashoshi da hukumar da ke sa masu ido ba shi da yawa, ba ya kuma neman kasafin kuɗi. Harafi ya yi girma da kauri, farin rubutu kan duhu ko baƙi kan haske, ba ƙawa. A janye rubutu daga bakin allo. A daina ɗora takarda sukutum, a tsamo abin da ya shafi mutane, wato me, yaushe, ina, nawa, a raba shi allo-allo, layi huɗu ko biyar a kowanne. Lambar waya, kwanan wata da farashi kar su gudu, su tsaya cak har mai gabatarwa ya karanta su da baki sau biyu, a hankali. Kowace tasha kuma ta ajiye tsohuwar ƙaramar tele guda a ɗakin haɗa shiri, a haɗe da igiya rawaya, a can ƙarshen ɗaki. Abin da mai gadi ko mai shara bai iya karantawa daga bakin ƙofa ba, kar ya fita.

Mu ma da namu. Kowace fada tana da mutum ɗaya da ya iya shiga Menu. Maimakon zagaye na uku na shayi, a zaga gida biyar a unguwa, a nemi izinin maigida, a gyara. Minti 10 ya isa kowace tele. A fara da na wuraren taruwa: mai shayi, tasha, gidan kallon ƙwallo, ɗakin jira na likita, inda mata ke zaman awo sa'o'i suna kallon allon da ba wanda ya taɓa saitawa. Masu gyaran tele da masu kafa parabol, ku ne kuka fi kowa shiga gidaje. In kun gama kamo tasha, kar ku tafi sai kun ga rubutun ƙasa ya fito cikakke, ku kuma nuna ma wani yaro a gidan yadda ake maido shi in ƙanensa ya latsa Zoom.

Kafin mu rubuta ma tashoshin wasiƙa, muna son shaida a hannu, don in ka je da baki kawai za a ce telenka ce ba ta da kyau. Saboda haka daga yau zuwa ƙarshen wata, duk wanda ya gyara tasa kuma ya ga rubutun da har yanzu ba ya karantuwa, ya ɗauki hotonsa daga inda yake zaune, ba tare da ya matsa kusa ko ya jawo hoton ba. Ya rubuta sunan tashar, rana da lokaci, inci nawa ce telen, da wace igiya aka haɗa ta, da kusan taku nawa ne tsakaninsa da allo. In rubutu mai gudu ne ko lambar waya, ya ɗauki bidiyo don a ƙirga sakannin. A miƙa ma wakilin ƙungiya na garinku, ko a kawo taron mako. Waɗanda ke ƙauyukan da ake kallo da batiri, naku muka fi buƙata.